Keken da Na Ja a Yashin Affala

A zamanin da na tashi, yaro ba ya da abin hawa sai bayan uwarsa. Zane da majanyi, shi ke nan. Da su mace ke zuwa rijiya, da su take daka, da su take shiga motar kasuwa. Na yi yawo gwargwado a aikin kula da dabbobi, na ga yadda wasu ke yi. Matan Abzinawa a arewa sukan saɓa yaro a kwankwaso, ko su ɗora shi gabansu a kan jaki. A Makka na ga matan ƙasashen gabas sun rataye nasu a ƙirji da ƙyalle. A Faransa, inda aka tura ni ƙarin ilimi, na fara ganin ana tura yaro a keke. Na tsaya bakin hanya ina kallo, ina cewa a raina waɗannan mutane ba su son ɗumin ƴaƴansu. Yau a Tawa, in ka bi unguwar ma'aikata da la'asar, da wuya ka rasa ganin irin keken nan. Amma ban taɓa zaton ni zan shiga kasuwa nemansa da furfurata ba.

Ɗiyata ta fari malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Mijinta mutumin Affala ne, yana Abijan wajen nema kamar yawancin mazan Adar, yakan zo ya yi ƴan watanni ya koma. Ita tana zaune kusa da mu da ɗanta, wanda a lokacin ya shekara da ɗan abu. Ƙato ne, nauyi kamar turmi, in ya yi taku kaɗan sai ya zauna ya miƙa hannu a goya shi.

Ƴar fari ce, ina kunyarta kamar yadda mahaifina ya ji kunyar yayana. Ban taɓa kiran sunanta ba. In ina da magana, sai in faɗa wa uwarta ko da ita tana zaune a wurin, ita ma ta amsa wa uwarta. Don haka daga bakin uwar na ji labarin, wata safiya bayan na dawo daga masallaci.

"Alhaji, yarinyar nan tana da juna biyu. Kuma jiya ta ga jini."

Na ajiye carbi. Kafin a sami yaron nan ta yi ɓari, mun sha wuya kafin ta miƙe.

"Mi likita ta ce?"

"Ungozoma ta ce kada ta ɗauki ko bokitin ruwa. Goyo kuwa ta manta da shi. Kuma a yaye yaron yanzu."

Matsalar tana wajen yayen. A gidan mijinta, kakar yaro ta wajen uba ce ke yaye, kuma uwa ce ke kai shi da kanta, goye a bayanta, kakar ta kwance shi da hannunta a ƙofar ɗaki. Haka suka gada. Ga shi ba a son kowa ya san da cikin. Mace ta yi ciki ɗanta bai bar nono ba, bakin mata ba ya barinta, balle cikin da ba a san ko zai zauna ba. Matata da za ta raka ta, ciwon gwiwa ya hana ta ko zuwa bakin titi. Ƙannen yarinyar suna karatu a Yamai.

"Kai za ka raka ta Affala," in ji matata. "Kai da ka ga duniya, nemo mana keken nan na Nasara."

A bayan babbar kasuwa akwai mai shagon da ke sayar da kayan gwanjo da ake kawowa ta Kwatano. Ya fito mini da guda uku, yana kaɗe su da tsumma.

"Alhaji, ashe an yi amarya ba a gaya muna ba? Har ta haihu?"

"Buɗe mini wannan in gani. Surutu ba ya tura keke."

Na farko babba ne, ƙafafunsa na roba masu iska, kamar na ƙaramin babur. Irinsa na gani a ƙasashen sanyi, ana bi da shi ta cikin laka ba ya tsayawa. Na san zai ci yashi. Da na ɗaga shi sai da kafaɗata ta amsa. Na biyu kamar abin wasa, ƙafafu kamar murfin kwalba, ba inuwa, ɗamarar da ke riƙe yaro ta tsinke. Na uku yana naɗewa kamar laima, yana da rumfa da birki da ɗamara mai ƙarfi, ana ɗaga shi da hannu ɗaya. Ƙafafunsa ba su fi tafin hannuna ba.

Na ce a aro mini ƙaramin buhun shinkafa daga shagon kusa. Na ɗaure buhun a kujerar kowanne, na tura a jan ƙasar da ke gaban shagon, masu kabu-kabu suna kallona suna dariya. Na duba ko zai kife in an saki hannu. Na naɗe, na buɗe, na sake naɗewa. Babban ya fi kowanne tafiya. Amma ba ranar Affala kaɗai nake tunani ba. Bayan ita akwai watanni da yarinyar za ta riƙa fita da yaron ita kaɗai, ta tsallake dokin ƙofa, ta hau matakalar gidan likita, ba ni a kusa. Keken da zai sa ta yunƙura ba shi da bambanci da goyon da aka hana ta. Na san na ukun, mai sauƙin ɗauka, zai ba mu wuya a yashi, na ɗauke shi da sanin haka.

Yaron ya ƙi shi ƙememe. Ranar farko ya sandare, ya yi ta ihu yana neman bayan uwarsa, ita kuma ta juya fuska ga bango. Na riƙa zagaya tsakar gida da shi, ina ce masa, "Kai abokina, ni da na hau jirgi ban yi wannan kuka ba." Sai da matata ta ɗaura masa marfin kwano a gaba yana bugawa, sannan ya yarda ya zauna.

Muka tafi ranar kasuwa, da hantsi, cikin bazara. Direba ya so ya ɗaure keken a saman mota, ƙarƙashin buhunan gero. Na ƙi, na naɗe shi na sa tsakanin ƙafafuna, na karɓi yaron a cinyata. Ɗiyata tana gefena, ba mu taɓa zama kusa haka ba. Hanyar duwatsu ce da ramuka. Duk ramin da motar ta faɗa, sai in ji ta riƙe numfashi, hannunta ɗaya a ƙarƙashin mayafi. Na yi wa direba magana da Hausa, bai ji ba. Na ji yana waya da harshen Tamashek na Abzinawa, sai na ce masa da harshensa ya tausaya, akwai marar lafiya. Ya rage gudu na ɗan lokaci, sannan ya manta.

Motar ta sauke mu inda take tsayawa. Daga nan zuwa gidan surukanta akwai tafiya, ba mai nisa ba ga mai lafiya. Na buɗe keken, na ɗaure yaron, na ja masa rumfa. Ita ta kama ta fara turawa, ina biye a baya da jaka, kamar yadda ya dace. Farkon hanyar tsakuwa ce, keken yana tafiya yana kakkarwa. Muna shiga lungun da ke gangarawa unguwarsu, sai yashi ya fara, mai laushi, mai zafi. Ƙafafun gaba suka nutse. Ta danna da ƙarfi, na ga ta cije leɓe. Keken bai motsa ba.

Yaron ya fashe da kuka. Akwai maza zaune a gindin bishiya, akwai mata a bakin famfo da bokitai, duk suka juyo. Wata dattijuwa ta matso tana gyara ɗankwali.

"Ke ɗiyar birni, mi a wannan? Ɗauki ɗanki ki goya mana. Bayanki ciwo shikai?"

Wata ta ce, "Ai matar wane ce. Yaye ta kawo. A baro za ki miƙa shi ga kakarsa, awa buhun albasa?"

Ɗiyata ta juyo. Ta miƙo hannu ta karɓi jakar daga wurina ba ta dube ni ba, ta zaro zanen goyo da majanyi. Ashe ta sako su. Ta kwance ɗamarar keken, ta juya wa yaron baya, ta fara sunkuyawa. Yaron ya riga ya kama wuyan rigarta.

Uwarta ba ta nan da zan faɗa wa. Ba zan iya faɗin dalili a gaban mutane ba. Kuma namiji, dattijo, a garin surukai, ba ya shiga sha'anin goyo. Duk wannan ya zo mini a rai, ina kallon gwiwoyinta suna lanƙwashewa.

"Miƙe," na ce mata. "Kada ki ɗauke shi."

Ta tsaya a sunkuye, kamar ba ta gane da ita nake ba.

"Ke nake wa magana. Miƙe tsaye."

Ta miƙe a hankali. Na ɓamɓare yatsun yaron daga rigarta, na mayar da shi na ɗaure. Na juya keken, na kwantar da shi a kan ƙafafun baya, na fara ja ina tafiya da baya da baya, yadda na ga iyaye na yi a bakin teku a Dakar. Ƙafafun suka riƙa yanka yashi suna bina. Babbar rigata tana shiga ƙafata, na tattare ta na ɗora a kafaɗa.

Daga gindin bishiya wani ya ce, "Alhaji, an bar aikin gwamnati an koma turin baro?"

"Ja nake yi, malam, ba turi ba. In kana da ƙarfi zo ka kama."

Suka yi dariya, ba wanda ya taso. Matan famfo suka biyo mu da bokitansu. Zufa tana shiga idona, yaron yana ihu a fuskata, ita tana tafe a gefe da zanen a hannu, takunta ƙanana. Ina ja ina kallon ƙafafunta da gefen zanenta, ina addu'ar kada in ga abin da nake tsoro.

Surukarta ta ji hayaniya ta fito har ƙofar zaure. Tsohuwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Muka gaisa. Ta dubi jikanta a keke, ta dubi zanen goyo a hannun uwarsa, ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar. Dattijuwar famfo ta fara ba da labari, tsohuwar ta ɗaga mata hannu.

"Kun ga baƙi, kun gaishe su. Ruwanku na jira."

Suka watse suna waiwaye. Tsohuwar ta sunkuya ta yi ta fama da maɓallin ɗamarar har na nuna mata inda ake dannawa. Ta ciro yaron, ta karɓi zanen daga hannun surukarta, ta goya shi da kanta.

"Zo nan, mijina, ka yi ƙiba ba ka aiko mini ko goro ba." Sannan ta ce wa yarinyar, ƙasa-ƙasa, "Shiga ki kwanta a gadona. Kada ki duƙa gaida kowa."

Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura. Ban iya sha ba. Ina jin kukan yaron yana raguwa a cikin gida, ban ji muryar uwarsa ba. Aka kira azahar, na je na dawo, shiru. Ba wanda zan aika ya tambayo, kuma ban san da wace kalma zan yi tambayar ba.

Can sai ɗiyata ta leƙo ƙofar zauren da kanta. Ta tsaya, ba ta durƙusa ba.

"Baba, na duba. Ba komai. Ka sha furarka."

Cikin ya zauna, ta haifi mace bayan damina. Yaron bai sake hawa bayan uwarsa ba, daga bayan kakarsa sai keke, daga keke sai ƙafarsa. Ni da ɗiyata kuma, tun daga ranar ba mu sake sa kowa a tsakaninmu ba. In tana da magana takan zo ta zauna ta faɗa mini, ni ma in amsa mata.