Talotalon Baba malamin gona

Ni na san ba kallon tsuntsaye kaɗai ya kai ni gidan ba. Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa don yara na je, amma ƙarya nake yi.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Batsari. Shekarar ce gonakin nesa suka gagari mutane saboda 'yan bindiga, tiyar gero ta yi tsadar da ko tambayar kuɗinta sai ka yi shahada. A gidana mun fi wata uku ba mu ga nama a miya ba. Yarana biyu, mace 'yar shekara shida da ƙanenta ɗan huɗu, har sun daina tambaya.

A wani ƙauye kan hanyar Safana akwai wani dattijo, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, abokin mahaifina ne tun suna samari. Bayan gidansa ya kewaye fili ya cika shi da tsuntsaye: dawisu, gauraka, agwagi, zabi, tantabaru, talotalo, ga zomaye da ɗan lambu. Da can makarantu kan kai ɗalibai kallo. Kuma kowa ya san halinsa, baƙo ba ya fita gidansa bai ci naman tsuntsu ba. Wannan na sani sarai ranar Asabar ɗin da na ɗora yaran a mashin, na kuma ja tafiyar har hantsi ya dubi ludayi, yadda azahar za ta same mu a can.

Baba ya tarbe mu da murna. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya yi wa mahaifina addu'a, sannan ya kama hannun yaran ya nufi bayan gida.

Kai, ban taɓa zaton abin ya kai haka ba. Akurki bayan akurki, duk wayam. Ɗakunan tantabaru babu ko fiffike. Dawisu guda na tsaye jikin katanga duk ya fige, sai gauraka ɗaya mai ɗingishi. Yaran dai ko a jikinsu, sai tsalle suke suna bin dawisun suna roƙonsa ya buɗe wutsiya.

"Abincinsu ne ya fi ƙarfina, ɗana," in ji Baba. "Mutum bai samu dawa ba, ina tsuntsu zai samu? Na sayar da wasu, mun ci wasu. Amma zo ka gani."

Ya kai mu wani lungu ƙarƙashin rumbu. Macen talotalo ce kwance kan ƙwai, ta hura jiki tana hararar mu. Ya ce namijin ya tafi kasuwar Batsari sati uku da suka wuce, ita kaɗai ta rage, kuma irin nan shekara ashirin yana riƙe da shi. Saura kwana bakwai ta ƙyanƙyashe. "In Allah ya raya su, gidan nan zai sake tashi," ya ce. Babu kaza ko ɗaya a gidan da za a sa wa ƙwan in ba ita. Na duba, na gani da idona.

Muka koma zaure. Aka kawo ruwa. A nan ne ya kamata in sha, in yi godiya, in ce rana ta yi, hanya ba kyau, mu tashi. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san wannan, ba ka zama a gidan da ka ga babu har lokacin abinci ya yi. Sai na gyara zama, na ɗauko hirar albashi da ta makaranta, na yi ta ja.

Can Baba ya miƙe ya shiga ciki. Na ji yana magana da matarsa ƙasa-ƙasa, na ji ta ce, "Haba Malam." Ya fito da wuƙa, ya tsuguna bakin zaure yana wasa ta a jikin dutse.

"Baba, don Allah kada a wahala," na ce.

"Wace wahala? Jikokin abokina sun zo gidana."

Shi ke nan abin da na ce. Ina zaune, bayana jingine da bango, ko motsi ban yi ba. Na san abin da za a yanka, don ba a cin dawisu, ba a ba baƙo gauraka. Wallahi na sani. Yawu kuma na ta taruwa a bakina. Da na ji fuka-fuki na bugun ƙasa a bayan gida, sai na kira yaran na ce su zo su karanta mini Fatiha in ji ko sun iya.

Bayan azahar aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, nama har sama. Yaran suka ci kamar ba gobe, maiƙo har gwiwar hannu. Baba ya ce shi ya ƙoshi, ya zauna yana yayyaga musu tsoka yana dariya. Ni ma na ci. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne daɗin da naman ya yi mini.

Da za mu tafi, matarsa ta aiko da sauran a kwano an ɗaure da ɗankwali, a kai wa uwar yara. Ba ta fito mun yi sallama ba. Na karɓa, na rataye a mashin.

Mun iso Batsari da la'asar sakaliya. Matata 'yar ƙauye ce, ta san gidan, ta san shekarar da ake ciki. Ta buɗe kwanon, ta daɗe tana kallo. Yarinyar ce ta ba ta labarin komai, har da tsuntsuwar da ke kwance ƙarƙashin rumbu.

"Malam," in ji matata, "sau nawa ka ce a bari?"

"Na ce mana."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

"Ka tashi ka riƙe masa hannu?"

Na hau ta da faɗa, na ce ita me ta sani, ai ba a hana dattijo yin alheri a gidansa. Ta bar ni na gama haushina, ta rufe kwanon ta shiga da shi madafa.

Da safe ta ɗumama, ta raba wa yara, ta ajiye mini nawa a gefen tabarma. Ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta zauna tana kallona, ni kuma na jawo kwanon na cinye.