Kaset ɗin Baba Sale da Saniyar Iya

A ƙauyenmu da ke bayan Barkiya, in an gama girbi sanyi ya shigo, da an idar da magariba an ci tuwo sai mu yara mu kwaso karan dawa mu tara a ƙofar ɗakin Iya. Iya ita ta haifi mahaifina. Gajeriya ce mai kaifin baki, ba ta taɓa kirana da sunana ba sai "maigidana rago", ni kuwa in ce ai na sake ta tunda ba ta iya miya ba. Sauran tsofaffin unguwa wuta kawai suke jira su fara tatsuniya. Iya sai an kawo mata rediyo.

Rediyon na Baba Sale ne, ƙanin mahaifina, wanda ya yi kanikanci a Kaduna ya dawo gida da tari mai naci da kaset guda. Wani ne ya manta kaset ɗin a motar da suka gyara. Rubutun jikinsa ya goge, ba wanda ya san masu kiɗan, ba mai jin Turancin da suke rerawa. Akwai ganguna, akwai jita da biyano, da wani mutum mai waƙa ta hanci mata na yi masa amshi. Sai wani abin busa da ke shigowa a tsakiya, wanda Iya ta sa wa suna algaitar Nasara. Ranar da ta fara jin sa tana shara, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Wanga bawan Allah abu ya ɓace mishi." Daga nan ta ƙulla masa labari.

Sabon batir kuwa sai salla-salla. Namu tsofaffi ne, da safe mu jera su a rana su sha zafi, da yamma Baba Sale ya ɗan ciccije su ya zuba. Saboda haka kiɗan yana jan ƙafa yake tafiya, muryar mawaƙin ta yi kauri kamar ta wanda aka tasa daga barci. Mu duk a zatonmu haka Turawa ke kiɗansu, har tausayinsu muke ji.

"Danna, Sale," in ji Iya. "Ga ta nan tahe, kowa shi gyara zama."

Wai wani makiyayi ne mai saniya guda, fara sol, wadda ya gada daga uwarsa. Wata rana ta shiga gulbi shan ruwa, ruwa ya rufe ta. Ya zauna a bakin gaɓa yana busa sarewar da ya saba kiranta da ita, sai ga ƙahoni sun leƙo. Ya ƙara busawa, ga kunnuwa, ga tozo. Amma da ya tsaya jan numfashi sai ta koma ƙasa. Ya bi gari-gari yana koyon busa wurin gwanaye, har ya kai in ya sa sarewa a baki masu wanki sukan bar wankinsu. Saniya takan fito har ƙirji ta tsaya tana kallonsa.

Iya kiɗan take bi. In ganguna suka yi ƙarfi, to ruwa ne ya taso. In algaita ta shigo sai ta yi shiru ta nuna rediyo da haɓa, wato makiyayi ne ke busa, kada wanda ya yi tari. Sai dai ba mu taɓa kai ƙarshe ba. Kafin kaset ya ƙare batir ya mutu, kiɗan ya yi ta nutsewa har ya ɗauke, Iya ta kakkaɓe zane ta ce numfashinsa ya ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa. Washegari Baba Sale ya mayar da kaset farko da biro, a sake tun daga shigar saniya gulbi. Na taɓa tambayarta cikin haushi me ya hana shi faɗawa ruwan ya jawo abarsa.

"Bai iya ruwa ba, maigida," in ji ta. "Busa kaɗai ya iya."

Baba Sale ya rasu ina makarantar kwana. Na girma, na zama malamin firamare a Dutsin-Ma, na yi iyali. Sai 'yan bindiga suka fara shiga ƙauyukanmu, har ranar da aka watse gaba ɗaya. A bayan babur aka kawo mini Iya, ba ko ɗankwali a kanta. Ɗakinta da rumbu da rediyon duk sun ƙone. Tun da ta sauka ba ta ƙara cewa uffan ba. A asibiti suka ce tsufa ne da firgita. Tana cin abin da aka ba ta, tana salla a zaune, amma ko gaisuwa ba ta amsawa. Ba abin da nake so a duniya irin in sake jin muryarta, ko da zagina za ta yi.

A motar wani abokin aikina na ci karo da kiɗan. Da farko ban gane shi ba, don gudu yake yi, muryar mawaƙin siririya, komai tas. Sai da algaitar ta shigo na gane shi, na tambayi abokin nawa. Ya ce ai tsohon faifai ne sananne, wani salon kiɗan Turawa da ake kira jaz aka gauraya da kiɗan jita, masu shi sun yi ta goge shi har ba ka jin inda wani ya yi tuntuɓe. Ya tura mini a waya. Har yau ban gaji da shi ba. Kowane saurare sai na tsinci wani ƙaramin abu da aka ajiye a bayan ganguna, daidai inda ya kamata. A garin da kullum ake kwana da labarin abin da ya lalace, akwai daɗi mutum ya ji abin da aka gama shi lafiya.

Da gudu na kai wa Iya, na kara mata wayar a kunne. Bango ta ci gaba da kallo. Na maimaita har matata ta ce, "Malam, ka ƙyale ta haka nan." A nan na gane wautata: wannan mai sheƙin ba ta taɓa jin sa ba.

Na je kasuwa wurin mai gyaran rediyo na samo tsohon rediyo mai cin kaset, na sa ya juye mini kiɗan a kaset. Na tattara batiran tocila da suka mutu na shanya a kan kwanon ɗaki. Bayan magariba na hura wuta a tsakar gida, na tara 'ya'yana, na cije batir da haƙorana na danna. Kiɗan ya taso yana jan ƙafa. Da algaita ta shigo, Iya ta ɗago kai ta dube ni sosai.

"Malam, rediyon naka ne?"

Na ce nawa ne.

"Ka taimaka mani ka kai ni gida. Ɗiya na can na jirana, ban ƙarasa masu tatsuniya ba."

'Ya'yan da take nufi ɗaya yana gabanta da furfura a gemu, ba ta san shi ba. Gidan kuwa babu shi, hanyar ma ko da rana tsaka ba a bi. Muna yara muna ganin ragwancin makiyayin nan, muna cewa da mu ne da mun faɗa ruwan. Yanzu na san akwai abin da iyakarka da shi ka zauna a gaɓa ka yi ta kira, ya leƙo ya dube ka ya koma. Na daina neman ƙarshen labarin. Ina jin ita ma ba ta taɓa sanin sa ba.

Takan yi magana yanzu, amma sai an kunna kaset, kuma maganar ba ta wuce wannan roƙon. Jiya da ta matsa na ce mata ana gyaran hanya ne. Ta dubi wuta ta ce, "To, Allah shi sa su gama kahin damina." Na ce amin.