Cilakowar Yaya

Yayana direban bas ɗin makaranta ne. Da safe yake bi gida-gida ya kwaso yara, ya sauke su a bakin get, daga nan ba shi da aiki sai an tashi. A da, a kujerar direba yake kashe wannan lokaci, ya kwantar da ita ya rufe fuska da hula. In barci ya ƙi zuwa sai ya taho shagona na ɗinki ya zauna yana gaya mini kekena na bukatar mai, kamar ni ba ni da kunne. Da hawan jini ya kama shi, likita ya ce ya nemi abin da zai riƙa fitar da shi yana taka ƙasa. Wasu suka ce gudu, wasu suka ce ƙwallo. Yaya ya tsallake duk waɗannan ya zaɓi kallon tsuntsaye.

Mun yi masa dariya har muka gaji. Ya sayo tsohuwar kyamara da madubin hangen nesa, ya rataya su a wuya, kullum kai a sama kamar mai duban wata. Matarsa ta ce ya fi sanin abin da kurciya ta karya da shi a kan abin da 'ya'yansa suka ci. Ni kuwa na tambaye shi, tsuntsun da ba zai ci ba, ba zai kiwata ba, me zai yi da shi? Ya ce, "Auta, ba za ki gane ba." Na ce ai gara kada in gane.

Sai dai tsakani da Allah abin ya karɓe shi. Mutumin da ba ya ɗaga hannu daga kan ham ɗin mota ya koma mai haƙuri a titi. Jininsa ya sauka. Yana cikin magana da kai sai ya ɗaga yatsa ya ce a yi shiru, ya saurara, ya faɗi sunan tsuntsun da ya yi kuka, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Suna da wani zaure a waya, su masu wannan sha'awa, inda suke tura hotuna. Mai kula da shi wata dattijuwa ce da suke kira Malama, kuma doka ɗaya ce ba ta wasa da ita: wanda ya ga sheƙa ba ya faɗin inda take sai 'ya'yan sun tashi. Yaya ya daɗe a zauren, amma hotunansa ba sa tayar da ƙura. Kyamararsa tsohuwa ce, tsuntsu yakan fito kamar ɗigon tawada. In ya tura, mutum ɗaya ko biyu su ce madalla, a wuce. Wanda ake yabo wani likitan haƙori ne, mai kyamarar da gilashinta ya kai tsawon hannuna. Yaya ba ya cewa komai, amma ni na san abin na ci masa rai.

A bayan katangar makarantar yake ajiye bas. Akwai wani fili da ba a gina ba, da 'yar hanyar ƙafa da mutane ke yankewa, da wata tsohuwar bishiya. Wata rana ya faɗo shagona yana haki, ya ture yadin da ke kan benci ya zauna.

"Auta, cilakowa ta yi sheƙa a gaban motata."

Cilakowa dai na san ta, mai lanƙwasasshen baki da dogon bindi. Abin da ban sani ba shi ne yadda take haihuwa. Yaya ya ce macen takan shiga kogon bishiya, a toshe ƙofar da laka, a bar 'yar tsaga wadda yatsa biyu ba za su shiga ba. A ciki za ta yi ƙwai, a ciki za ta ƙyanƙyashe. Kuma tana shiga take zubar da gashin fikafikanta, ko ta fasa lakar ta fito ba ta iya tashi. Duk abin da za ta ci, da ita da 'ya'yan, namijin ne zai kawo ya miƙa ta wannan tsaga, fara ko ɗan ƙadangare, tun safe har yamma.

Na ce, "To in wani abu ya same shi fa?"

Ya ce, "Bar faɗa."

Daga tagar bas yake kallonsu, namijin kuwa ya saba da motar, bai ɗauke ta a bakin komai ba. Haka Yaya ya samu hoton da bai taɓa samun irinsa ba: namijin manne a jikin bishiya da fara a baki, ga ƙarshen bakin macen ya leƙo ta tsagar yana karɓa. Ni da ba ruwana ma sai da na ajiye almakashi na ƙara dubawa.

Ya tura zauren. Yabo ya fara zubowa, Yaya yana karanta mini yana washe baki. Sai likitan haƙori ya rubuta cewa hoton ya fi ƙarfin irin kyamarar Yaya, a gaya musu gaskiyar inda aka kwafo shi. Na ga fuskar Yaya ta canza. Na ce ya ƙyale shi, amma ina, yatsunsa sun riga ni. Ya rubuta cewa duk mai shakka ya zo bayan makarantar da yake aiki, bishiyar da ke kusa da hanyar ƙafa, ya gani da idonsa. Bai ajiye wayar ba ya gane abin da ya yi. Ya goge da sauri, amma magana zarar bunu ce, an riga an karanta.

Washegari ya tarar da motoci a filin. Ranar da ba makaranta kuwa sai ka ce ana rabon wani abu. Sun kafa kyamarori a kan sanduna masu ƙafa uku, sun yi wa bishiyar zobe, kowa na neman matsowa gaban ɗan'uwansa. Labarin ya ma wuce zauren, akwai waɗanda Yaya bai taɓa gani ba. Na bi shi ran nan don na ga hankalinsa ba ya jikinsa. Ya nuna mini namijin can nesa a kan wayar lantarki, da fara a baki. Tsuntsun ya taso ya nufo bishiyar, ya ga mutane, ya juya. Ya sake tasowa, ya sake juyawa. Wani da ya gaji da jira ya kunna kukan cilakowa a wayarsa don ya jawo shi. Namijin ya ɗauka wani namiji ne ya shigo masa, ya saki farar ta faɗi, ya shiga zagaye yana neman abokin faɗan da babu shi.

Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. "Don Allah ku ja baya. Tun safe ba ta ci komai ba."

Wani ya ce hoto ɗaya kawai zai ɗauka ya tafi. Likitan haƙori, ba tare da ya ɗaga ido daga kyamara ba, ya ce, "Malam, ba kai ka ce mu zo ba?"

Ni na ba shi amsa, kuma ban rage komai ba, har sai da Yaya ya ja ni gefe.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Yaya ya daina cin abinci. Matarsa ta ce na'urar awon jini ba ta barin hannunsa, kuma abin da take nunawa ba daɗi. Ya wuce gidan wata yarinya bai tsaya ba, abin da bai taɓa yi ba, sai da uwarta ta kira makaranta. In mutane suka ragu yakan matsa ya kasa kunne. Da farko yana jin macen tana ƙwanƙwasa itacen daga ciki, da siririn kukan 'ya'yan. Daga baya sai ya daɗe kafin ya ji. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne namijin ya tsorata da kowa. Ko filin ya watse, in dai bas na wurin, ko ya hangi mutum tsaye da wani abu a fuska, ba ya sauka. Sai aka wayi gari Yaya ya duba tsagar da madubinsa har idonsa ya yi ruwa, bai ga bakin macen ba.

Ran nan ya zo shago ya zauna bai ko yi maganar man kekena ba. Ya fito da waya, ya yi rubutu ya miƙo mini. Ya rubuta wa zauren cewa namijin ya gudu, macen da 'ya'yan sun mutu a ciki, kogon har ya fara wari.

Na ce, "Yaya, gaskiya ne?"

"Warin ƙarya ne. Sauran ban sani ba, Auta. Shi ne abin da ke kashe ni."

"To me ya sa za ka tura?"

"Ba mai zuwa ɗaukar hoton mushe."

Ya tura. Nan take waɗanda suka yi wa bishiyar zobe suka fi kowa zaginsa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, Yaya bai kare kansa ko da kalma ɗaya ba. Kafin yamma Malama ta cire shi daga zauren. Ya dubi wayar na ɗan lokaci, ya sa ta a aljihu, ya tafi kwasar yara.

Dabarar ta ci, filin ya koma yadda yake. Yaya ya mayar da bas gaban makaranta, cikin rana, inda ba ko inuwa. Ya sa kyamara da madubin a cikin kabad. Ya hana kansa leƙa bayan katangar, don ya ce namijin ya san shi, ya san motarsa, kuma yanzu yana lissafa shi cikin masu zoben. Amma rashin sani ya fi komai cinsa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Shi ya zo mini da maganar. Ya ce tsuntsun bai taɓa damuwa da masu wucewa ta hanyar ƙafa ba, muddin ba su tsaya ba. Ko zan riƙa yankewa ta can in zan kai ɗinki? In ɗauki ƙunshin kaya, in yi tafiyata, kada in ɗaga kai sosai, kada in fito da waya a gaban bishiyar.

Na ce, "Wato ni ma ka mayar da ni mahaukaciyar tsuntsu."

Bai yi dariya ba, don haka na ɗauki ƙunshin.

Zuwan farko ban ga komai ba sai busasshiyar laka a jikin bishiya. Na koma, haka. Na sake komawa, haka. Kowace dawowa zan tarar da shi a ƙofar shago, ya dubi fuskata, ya juya ba tare da ya tambaya ba. Abin ya shiga raina ni ma. Na haɗa wa wata mata hannun riga a bai-bai, na warware, na sake haɗawa a bai-bai. Tsoro nake ji, na tsuntsuwar da ban taɓa ganin fuskarta ba, da na Yaya in ta tabbata ta mutu.

Wata hantsi ina tafe da ƙunshina, har na kusa gota bishiyar, sai na ji fuka-fukai sun wuce ta saman kaina. Na saci kallo ta gefen ido. Ga namijin manne a jikin itacen, bindinsa a tokare, da wani ɗan ƙadangare a baki. Ya kai bakin ga tsagar. Shiru. Ya ɗan ƙwanƙwasa lakar. Na rage tafiya kamar mai ciwon baya. Ya sake ƙwanƙwasawa. Can sai wani abu ya motsa a cikin duhun tsagar, ƙarshen baki ya leƙo a hankali, ya kama ƙadangaren ya ja ciki. Daga nan na ji 'yan muryoyi sirara sun ɓarke.

Ban san lokacin da na tsaya ba. Na juya wa bishiyar baya, na zaro waya daga cikin ƙunshin na kira Yaya.

"Yaya, ta karɓa. Da idona na gani. Har 'ya'yan na ji."

Ina jin numfashinsa, da hayaniyar yaran makaranta a bayansa. Na san yana son ya tambaye ni komai, me aka kawo mata, yaya bakin yake, muryoyi nawa. Amma da ya buɗe baki, ba waɗannan ya tambaya ba.

"Auta, tsaye kike?"

Na ce, "Eh."

"Wuce. Don Allah kada ki tsaya."

Na gyara ƙunshina na wuce, ban waiwaya ba.