Baba Haladu, Ka Raka Kowa, Ka Tafi Kai Kaɗai

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 22 ga Yuli, 2025, labari ya iso Dayi cewa Allah Ya karɓi ran Baba Haladu direba a wani babban asibiti a Zariya, yana da shekara sittin da takwas. Kafin la'asar an kawo shi, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Na tsaya a sahun gaba, amma ban iya haɗa ido da kowa ba, kuma na lura ba ni kaɗai ba ne.

Baba, shekara talatin ka yi kana jan motar haya tsakanin Malumfashi da Zariya. A nan ka gaji da ganin mutanenmu suna sauka a ƙofar asibiti ba su san gabas ba balle yamma. Da ka ajiye tuƙi sai ka mayar da su sana'arka, ba tare da wani ya naɗa ka ba. Duk wanda likita ya ce a kai gaba, gidanka ake fara zuwa. Ka san ranar ganin likitan ƙashi, ka san tagar da ake yankar kati, ka san gidan da baƙo zai kwana ba a yi masa kallon banza ba.

Kana da ƙa'ida guda, har mun haddace ta. Kakan ce mara lafiya tukunya ce, ba ta zama sai a kan duwatsu uku: mutum ɗaya ya bi shi ya zauna jinya, ɗaya ya tafi da niyyar ba da jini, ɗaya ya tsaya wa gonarsa. Ba ka barin mota ta tashi sai ka ji sunayen mutum ukun da kunnenka. In aka ce maka 'yan'uwa za su biyo baya, sai ka ɓata fuska ka ce 'yan'uwa ba suna ba ne, a faɗa maka wane.

Shekara huɗu da suka wuce, lokacin da aka ce sai an yi wa matata Bushra tiyata, hankalina ya tashi har na rasa abin da zan sa a jaka. Kai ka shigo ka zazzage kayan, ka cire shadduna biyu kana yi mini tsiya, wai biki za ni. Ka sa tabarma, da buta, da bokiti, da kwano. Ka taso Manu tela daga kan kekensa, ka ce jininsa ya yi daidai. Kwana goma sha tara muka yi a can. Da na dawo na tarar an yi wa masarata gayya, an nome ta tas, kai kuma ko ruwan gidana ba ka tsaya ka sha ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci, kuma gara in faɗe shi da bakina.

Kwana goma sha biyu kafin rasuwarka na gamu da kai a tashar Malumfashi. Kana zaune a kan benci, tabarma a naɗe, buta a cikin bokiti. Na gaishe ka, na ce, "Baba, wa za a kai yau?"

Ka ce, "Muhammadu Sani, yau kam ni ne. Cikin nan ya matsa mini, sun ce sai Zariya."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi. Na ce, "Ai kai Baba, ko ido rufe ka kai kanka." Na yi maka addu'ar samun sauƙi, na wuce wajen masu taki, don an ce zai ƙare kafin azahar. Tambayar da ka yi wa kowa a garinmu, ni ban yi maka ita ba. Ban ce su wane ne mutanenka uku ba.

Daga baya na gane kusan dukkanmu haka muka yi. Manu ya gan ka, liman ya sani, masu shayin bakin titi sun sani. Kowa ya ɗauka wanda ya san hanya ba ya bukatar ɗan rakiya, kowa kuma ya ɗauka wani ya bi ka. Ɗanka Awaisu yana Fatakwal, ka hana a gaya masa. Matarka Inno ga ciwon gwiwa, ta so bin ka, ka ce ta zauna, mutanenka za su biyo ka. Kai da ba ka yarda da wannan magana a bakin kowa ba, ka yarda da ita a kanmu.

Likitoci sun duba ka, sun sa ranar aiki, suka ce a kawo jini leda biyu. Irin jininka ba shi da yawa. Kwana shida kana jira. Wanda ya zo shi ne Labo, Bamagujen nan na wajen Kafur, wanda ka taɓa raka matarsa Tani shekara tara da suka wuce. A kasuwa ya ji, ya bar garmarsa a gona, ya hau mota da ƙannensa biyu. Shi ya ba da jini, shi ya wanke maka kaya, shi yake kawo maka ruwan alwala a butarka duk da ba sallah yake yi ba. An yi aikin, amma ciwon ya riga ya yi nisa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani, sai dai wannan bai wanke mu ba.

Ranar sadakar uku na tambayi Labo ko ka yi fushi da mu. Ya ce bai ji ka ambaci laifin kowa ba. Abin da kawai ka ce shi ne damina ce, mutane suna gona. Da ka zage mu, Baba, da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na bi ta gonarka. Ciyawa ta kai gwiwa, masarar ta yi ja don rashin taki. Washegari muka fita mu arba'in da ɗaya muka nome ta, ba kiɗa. Gayyar da ya kamata a yi kana raye, ka ji labari ka ji daɗi.

Jiya Inno ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini tabarmar da butar, ta ce, "Ga su, ɗana. Naja'atun gidan Yahaya za a kai ranar Litinin, ƙoda ce. Ban san wanda za a je wa ba yanzu." Na karɓa da hannu biyu. Na je gidan Yahaya na zauna, ban tashi ba sai da aka ba ni sunaye. An samu mai ba da jini, an samu mai tsaya wa gona. Da aka zo kan mai zaman jinya sai aka ce 'yan'uwa za su biyo baya. Na ce a sa sunana.

Allah Ya jiƙanka, Baba Haladu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Yadda ka tsaya wa bayinSa a ƙofar asibiti, Allah Ya sa ka tarar da masu tarbarka a ƙofar Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inno, da Awaisu, da sauran iyali, ina kuma roƙon su gafara a madadina da duk wanda ya gan ka a tasha. Allah Ya saka wa Labo da alheri. Mu kuma Allah Ya kyautata namu ƙarshen, Ya haɗa mu da masu rakiya da suka fi mu.

Muhammad Sani, Dayi