Jarrabawar Karate da Ba a Yi Mana Ba

Shekarun baya, zamanin da kowa a Kwatano yake kiran ɗan'uwansa "kamarad", wato abokin gwagwarmaya, ni da abokina muka shiga koyon karate. Daga Zongo muke takawa har unguwar Zogbo, zuwa wani ɗakin taron matasa. Mai koya mana malamin makarantar gwamnati ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Ya ce bayan ƙaramar Sallah za a gwada mu, wanda ya ci ya kwance farar ɗamara ya ɗaura mai ruwan ɗorawa.

Ni ne na ƙarshe a ajin. In aka ce a juya hagu, sai in juya dama in yi karo da mutum. Ina maimaita takun da aka koya mana a tsakar gida, mahaifiyata tana tsintar shinkafa tana cewa, "Kai kuwa me iska ta yi maka kake ta dukanta?"

Ran nan na gaji, na ce wa malam na haƙura. Ya dube ni, ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Ƙafa ta iya. Kai ne yake gardama. Gobe ka zo bakin teku." Haka ya riƙa ware mini lokaci, mu biyu a kan rairayi, ina faɗuwa yana gyara mini kafaɗa. Ranar da na yi takun daga farko har ƙarshe ba kuskure, kai kawai ya gyaɗa, amma ni kamar an ba ni garin kyauta.

Ana saura 'yan kwanaki a yi jarrabawar, muka tarar da ƙofar ɗakin a garƙame. Matar da ke soya doya a gefe ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Wasu sun zo da mota sun tafi da shi. Ku wuce." Lokacin malaman makaranta sun fara ƙorafi a kan gwamnati, kuma bango ma yana da kunne. Abokina ya ja hannuna muka juya.

A gida mahaifina ya ce, "Duk wanda ya tambaye ka, ba ka san shi ba." Mahaifiyata ta naɗe fararen kayana na karate ta tura ƙarƙashin gado. Ranar jarrabawa na saci jiki na je. Ba kowa, har mai doyar ma ta tashi. Na tsaya ina kallon kwaɗon ƙofar har rana ta ƙona mini ƙeya.

Wasu sun ce ya tsallaka Legas, wasu sun ce ya rasu a tsare. Har yau ban sani ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutum ya ɓace, a rasa ko wanda za a yi wa ta'aziyya.

Bara jikata ta shigo da gudu tana nuna mini sabuwar ɗamararta ta karate. Ta ce, "Kaka, kai wace kala ka kai?"

Na ce, "Fara, 'yar nan. Malamina nake jira."