Rigar da Ba Ta da Baya

A cikin motar Bungudu na fara ganin rigar. Mun taso daga Gusau bayan la'asar, an matse mu a kujerar baya da buhun gero a ƙafafunmu, matar da ke gefena tana ta jan hotuna a wayarta da babban yatsa. Ban yi niyyar leƙe ba, sai dai a irin wannan zama idon mutum ba shi da wurin zuwa. Ta wuce takalma, ta wuce wani mai wa'azi, sai ga ta: doguwar riga ruwan zuma, furanni sun taso daga ƙirji sun bi kafaɗa kamar a nan suka tsiro, ƙasanta ya malala a kan matakalar bene. Ban san lokacin da na riƙe wa baiwar Allah hannu ba. Na roƙe ta ta tura mini, ta tura, ta sauka a hanya, ban sake ganinta ba.

A lokacin an riga an sa ranar aurena. Ni kuwa tun ina ƙaramar sakandare nake karɓar hayar littattafan soyayya, ina ɓoye su cikin littafin lissafi. Na san yadda amarya ke saukowa daga bene a hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ango ya ɗago kai numfashinsa ya ɗauke. Gidanmu babu bene, layinmu ma babu. Wanda zan aura mutumin Tsafe ne, mai sayar da taki da maganin feshi. Ina son shi yana sona, amma in ya zo zance labarin damina yake kawo mini, da yadda tsutsa ta yi wa masara. Na taɓa tambayarsa me yake ji in ya gan ni, ya ce yana jin daɗi. Na zauna ina jiran ci gaba, ashe ya gama. Saboda haka na ƙudurta a raina, ko ban samu bene ba, ko ban samu kalamai ba, wannan rigar zan sa ranar kamu.

Mai ɗinkin kuwa ba sai an nema ba. Goggona, ƙanwar mahaifina, tela ce a Gusau, shagonta a jikin gidan mijinta. Ita ta ɗinka mini kowane kayan salla tun ina goye. Matan Bungudu da Rawayya da Karakkai ba su ɗaukar amarya ta kammala shiri sai kayanta sun bi ta ƙarƙashin keken Goggo. Teloli da yawa ba su cewa ba za su iya ba, sai su ce a dawo jibi, amma ita nata ya wuce haka: tana faɗa da bakinta, a gidan biki da gidan suna, cewa tun da ta taka keke ba ta taɓa mayar wa mace yadinta ba. Ba ta tara gida ba, ba ta tara fili ba, wannan sunan ne dukiyarta. Bangon shagonta cike yake da tsofaffin kalandun ɗinki, kuma duk rigar da ke jikinsu ta ɗinka irinta, har ta gyara wa masu ita kuskure.

Na kai mata hoton tare da ƙanwata, wadda ke karatu a Gusau. Goggo ta sa tabarau, ta ware hoton da yatsu biyu, ta bi wuya, ta bi hammata, ta bi ƙugu. Na ga tana neman inda aka haɗa hannu da jiki. Ta daɗe tana nema. Daga nan ta ce a nuna mata bayan rigar, ta ga inda zif yake. Na ce hoto ɗaya ne.

Ƙanwata ta karɓi wayar, ta kalla, ta fashe da dariya. Ta ce wannan ai aikin AI ne, ƙirƙirarriyar basirar nan da ake ba umarni ta zana abin da aka ga dama. Babu yarinyar, babu benen, babu yadin. Ta nuna mana inda ɗan kunne ya narke ya shige cikin mayafi. Na ce mata mutanen da ke cikin littattafaina su ma babu su, amma na yi kuka dominsu har idona ya kumbura, don haka wannan ba hujja ba ce. Ta juya wajen Goggo ta ce rigar ba za ta ɗinku ba, ba wanda ya taɓa ɗinka ta, ba ta ma da baya.

A shagon akwai wasu mata biyu da suka zo karɓar anko, sun kasa kunne. Goggo ta dube su, ta dubi ƙanwata.

"Inji ya zana, ni in kasa ɗinkawa? Ni da mi nike aiki, ba inji ba? Tashi, ɗiyata, in auna ki."

Na tashi ta auna ni, zuciyata fari ƙal.

Abin da ya biyo baya na fi jin labarinsa a bakin mutane, don ni ina Bungudu ana ta tsare ni da gyaran jiki. Goggo ta ture ɗinkin kowa gefe. Ta zagaye kasuwar Gusau tana neman yadi mai sheƙi kamar ruwa, mai tsayawa kuma kamar kwali, 'yan kasuwa suna ce mata ta zaɓi ɗaya. Furannin ta yanka su ɗaya bayan ɗaya, suka kwanta. Ta sa musu sitati, suka yi fari-fari. Ta sa soso, suka zama kamar masa. A ƙarshe ta je wajen mai gyaran fanka ta samo siririyar waya, ta zura a bakin kowane ganye. Bayan rigar kuwa, tun da ba a nuna mata ba, sai ta ƙago nata, ta jera maɓallai tun daga wuya har ƙugu. Duk lokacin da na kira ta sai ta ce aiki ya yi nisa, in kwantar da hankalina.

Ranar kamu aka kawo rigar a cikin akwati nata na kanta. Mutum biyu suka taya ni shiga. Da na tsaya gaban madubi na yi ƙoƙarin ganin yarinyar benen, kuma in na ɗan lumshe ido, na karkata kai, ina hango ta daga nesa. In na buɗe sai in ga kaina da wani abu mai kama da kabeji a kowace kafaɗa. Zama ba ya yiwuwa sai a gefen kujera. Kafin a gama fesa turare zafi ya sauke furannin hagu, na dama suka tsaya ƙyam, wata waya ta fito tana sukata a ƙarƙashin haɓa duk sanda na sunkuyar da kai irin na kunya.

A wajenmu ba a gaya wa amarya gaskiya ranar bikinta, kowa ya san wannan. Dangin ango daga Tsafe suka zagaye ni suna cewa masha Allah, lallai an sha aiki. Wata tsohuwa ta taɓa furen da yatsa, ta janye hannu da sauri, ta ce tubarkalla. Da ango ya shigo ɗaukar hoto na ɗago ido a hankali yadda na koya, ina jiran numfashinsa ya ɗauke. Ya matso ya rage murya.

"Kin yi kyau. Amma kina iya numfashi kuwa?"

Goggo tana can baya, allura soke a ɗankwalinta, ba ta ci ba ba ta sha ba. Ana ta zuwa ana yi mata sannu da ƙoƙari, tana amsawa, idonta a kan kafaɗata ta hagu. Ita ma ta san irin yabon da ake yi ranar biki, ta sha yi wa wasu.

Bayan an kai ni Tsafe mai hoton ya zo nuna mana aikinsa kafin ya wanke. Na kalli biyu na ture wayarsa, hawaye suka zubo. Ya tambayi abin da ya faru, na nuna masa hoton da na samo a mota. Ya yi murmushi ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, da na faɗa tun farko. Da hotunan suka dawo, ga ni nan da fuskata da lallena, cikin rigar nan sak, furanni sun tsiro a kafaɗata, ba waya ba soso. Ya cire kujerun roba da ke bayana ya sa bene, kyauta. Har angon an gyara masa ido, yana kallona kamar bai taɓa jin labarin tsutsar masara ba. Na yini ina kallo. A karo na farko rayuwata ta yi daidai da abin da na karanta.

Na ɗora hotunan a intanet, ƙawayena suka yaɗa, kowacce tana rubuta cewa ɗinkin Goggo ne, ga kwatancen shagonta. Sun yi ne don su kawo mata kasuwa, kuma sun kawo. Amare suka fara sallama daga Gusau, daga Tsafe, daga Magami, kowacce da hotona a wayarta. Abin da ya fi ba ni mamaki, matan da suka halarci kamun, waɗanda suka ga kabejin da idonsu, su ne suka fi kowa rantsuwa cewa haka rigar take. Har tsohuwar da waya ta soka.

Goggo ba za ta ce ba ita ta ɗinka ta hoton ba, don in ta faɗa, ta gaskiyar da aka gani ce za ta zama aikinta. Ba kuma za ta ce ba za ta iya sakewa ba, don ga shaida a hannun mutane cewa ta taɓa yi. Sai ta riƙa miƙa hannu tana karɓar yadi, tana cewa a tashi ta auna. Mai gyaran fanka ya samu ciniki. Amaren kuwa ba 'ya'yan ɗan'uwanta ba ne, ba su jira ranar biki ba, a shago suke buɗe leda. Iyayensu mata suka riƙa tsayawa a ƙofa suna faɗa, maganar ɗaya ce kullum: ta zauna ta tsara wa ɗiyar gidansu, 'ya'yan mutane kuma ta yi musu aikin ganin dama. Son kai ne, in ji su, da baƙin ciki.

Na je na same ta wata rana da hantsi, shagon ba kowa, keke biyu a rufe. Na ce ta bari in fito in faɗa wa mutane aikin mai hoto ne. Ko kuma ta yi yadda sauran teloli suka fara yi, su ɗinka abin da ya samu, su haɗa amarya da mai hoto ya ƙarasa. Yaron nan mai hoton a lokacin har ya buɗe shago na biyu, teloli ne ke yi masa talla. Goggo ta ci gaba da warware wani ɗinki da bakin almakashi.

"Mi suka ce na yi?"

"Sun ce kin ƙi yi musu ne, Goggo."

"To, ki bar su. Gara su ce na ƙi da su ce na kasa."

Kafin in tafi ta ce in aiko mata da rigar, akwai maɓallin da take son gyarawa. Na aika. Ban sake ganinta ba, ban kuma tambaya ba.

Amare suka ɗauke ƙafa a hankali, da su da ankonsu. Ba wanda ya taɓa cewa ba ta iya ɗinki ba, cewa ake ta iya amma ba ta da adalci, kuma na lura in maganar ta dawo kunnenta har wani gyara zama take yi. Da mijinta ya ajiye aiki suka komo Bungudu, ta saki shagon, ta taho da keke ɗaya.

Yanzu a zauren gidansu take ɗinki, kayan makaranta da hijabai, abubuwan da ba wanda ke zuwa da hotonsu. Bara na kai mata 'yata ta auna ta. A saman keken, maimakon kalandun da, hoto ɗaya ne rataye cikin gilashi: ni ce a kan bene, cikin rigar ruwan zuma. Wata mata da ta kawo wandon ɗanta ta ɗaga kai ta tambaya ko za a samu irin wannan, ƙanwarta za ta yi aure. Goggo ta ce ai da ta zo lokacin da ido yake ido, yanzu likita ya hana ta aikin furanni.

'Yata ta tsaya gaban hoton ta buɗe baki, kamar yadda na yi a motar nan. Goggo ta jawo ta jikinta, ta shiga nuna mata da tsinin almakashi yadda ta yanka kowane ganye, da inda ta ɓoye haɗin hannu har ba a gani, da dabarar da ta sa ƙasan ya malala. Bayanin ya tsaru, ba inda ta yi tuntuɓe. Yarinyar ta tambaya yaya bayan rigar yake.

"Maɓallai ne, jikalle," in ji Goggo, "tun daga wuya har ƙugu."

Ta mayar da tabarau, ta jawo wandon makarantar, ta taka keke.