Sunan da Kaka Ta Sa a Wuyan Tulu

Ina firamare na gano cewa babana ba shi ne ɗan farin kakata ba. Har yau, da gemuna da 'ya'yana, in na tuna yadda maganar ta fito sai tsigar jikina ta tashi. An yi wani yaro kafin Baba, kuma a gidanmu na Suleja ban taɓa jin an ambaci sunansa ba. Cikin waɗanda suka ga fuskarsa Kaka kaɗai ta rage a duniya, ita kuwa bakinta ba zai iya faɗin sunan ba.

Ginin tukwane ne sana'ar Kaka. A wurin wata ƙawarta Bagwariya ta koya tun tana amarya. Ranar gashin tukwane ita ce ranar tatsuniya a gidanmu. Bayan magariba za a jera tuluna da randuna a filin bayan gida, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Dole wani ya zauna gadi har wutar ta lafa, to nan muke kewaye ta, mu jikoki da yaran 'yan haya waɗanda iyayensu ke can maƙale a cunkoson hanyar Abuja. Ni "angona" take kirana, irin tsokanar kaka da jika, kullum cikin ƙorafin ban ɗinka mata ko ɗankwali ba.

"Ga ta nan ta taso, ku ba ta hanya," in ji ta.

Mu amsa, "Ta zo, mun share mata wuri."

Tana da tatsuniyoyi masu sa dariya har ciki ya ƙulle, amma akwai guda da ba ta fashi, kuma ni ita ce ta fi ba ni haushi. Wai wata mata ce ke da ɗan tsuntsu mai waƙa. Wata rana ya tashi ya nufi rafi bai dawo ba, amma waƙarsa ta shige maƙogwaron matar ta zauna. A garin kuwa duk macen da ta rera waƙar tsuntsunta, marar kunya ce. Sai matar ta ja bakinta ta tsuke. Waƙa ta nemi ƙofa ta rasa, ta gangara ƙirji tana ƙona ta, daga ƙirji ta sauka hannuwa. Hannuwan suka kama ƙaiƙayi. Ta jiƙa su a ruwa, ta shafa man kaɗe, ta je wurin kunkuru mai magani, duk a banza.

"Sai aka yi yaya, Kaka?"

"Sai wuta ta mutu, yara suka tafi barci."

Nan take tsayawa kullum. Na taɓa ce mata tatsuniyar nan ba ta da wutsiya, ta ce in jira ta tsiro.

Wata ranar gashi ina zaune ina zane-zane a ƙasa da tsinke, ina nuna wa yaran 'yan haya na fi su iya rubutu, sai na ji inuwarta a kaina.

"Angona, wannan tafiyar tururuwar da kake yi, kowane suna tana ɗauka?"

Na ce kowanne.

"To rubuta mini sunan mai facin nan na bakin titi."

Wani baƙin dogon mutum ne mai facin taya a hanyar Diko, kullum jikinsa dumu-dumu da baƙin mai. Na miƙe na kama ƙugu. "Kaka, ina raye za ki sa ni rubuta sunan wani ƙato? Mai faci kike so?"

Yara suka fashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba, ta ce, "Rubuta dai."

Na rubuta da manyan baƙaƙe: ISA. Ta durƙusa da ƙyar ta ƙura wa ƙasa ido. Ta ce, "Sanda, maciji, sai jinkar ɗaki. Shi ke nan? Duka-duka shi ke nan?" Ta karɓi tsinken. Ban kawo komai a raina ba. Ban ma lura ba cewa duk gaisuwar da suke yi da mai facin nan, "ɗan mai taya" take ce masa, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Daga ranar Kaka ta zama ɗaliba. A toka take yi, a bakin murhu, a jikin ɗanyen yumɓu. Macijin ne ya ba ta wahala, kullum sai ya juya mata baya. Ranar da ta haɗa ukun ita kaɗai, na gan ta tana dariya tana tafi kamar yarinyar da aka saya wa takalmin sallah. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na ranar ba, har na ji kishin mai faci da gaske.

Washegarin gashi na gaba, Baba ya fito taya mu kwashe tuluna daga toka. Ya ɗauki guda ya kaɗe, ya kai ido wuyansa, sai ya tsaya cak. Ya ɗauki wani, ya ɗauki wani. Kowane tulu, kowace randa, a tsakiyar zanen ado, ga sunan nan wuta ta gasa shi. Baba, mutumin da ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa ba in ba sallah ba, ya zube cikin toka da farar rigarsa ta aiki.

"Inna," ya ce, "wa ya koya miki?"

Ta nuna ni da haɓa.

Na tsorata, na ɗauka duka zan sha. Sai Baba ya jawo ni ya ce, "Sunan yayana ne. Ɗan farinta. Ta je ɗibar yumɓu a rafin Iku yana ɗan tatata, ruwa ya tafi da shi. Ni ma sau ɗaya na ji sunan, a bakin kakanka."

Na san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kowa ya sani, kunya ce da ake yabon mace da ita. Amma ban taɓa tunanin kunyar nan tana bin yaro har bayan ransa ba. Ba ta kira shi yana raye ba, ba ta yi kukansa a gaban mutane ba, ta haifi wasu, ta aurar, ta tsufa, sunan na nan a maƙogwaronta. Ni kuma ina ta yi mata tsiyar mai faci.

Kaka ta miƙo mini tulu ɗaya, da sauran ɗuminsa. Ta ce, "Angona, karanta mini."

Na dubi Baba, ya gyaɗa kai. Na ce, "Isa."

Ta rufe ido. "Ƙara."

Na ƙara. Hawaye suka gangaro mata, fuskarta kuwa murmushi take. Ta ce, "Ga wutsiyar tatsuniyarka. Waƙar ta fita ta yatsu."

Baba ya so a ajiye tulunan a gida, ta ƙi. Ta ce a kai su kasuwa. "Bai samu ya yi yawo ba. Bar shi ya shiga gidaje." Har ta rasu ba ta sake gina tukunya babu sunan ba, kuma ba ta nemi koyon ko harafi ɗaya bayan ukun nan ba.

Yau ni ma rubutu nake yi, da asuba kafin in bi motar Abuja. Abokai na tambayata me nake samu, sai in yi dariya in bar zancen. Na daɗe ina zaton don a san ni nake yi. Sai da na girma na gane ciwon Kaka ne na gada: abu ya tsaya mini a ƙirji, bakina ya kasa, hannuna ya kama ƙaiƙayi. In ya fita kuwa, daɗin da nake ji ba ya da bambanci da tafin da ta yi a bakin murhu.

Bara mota ta lalace mana a Tafa, na zauna wurin wani mai shayi. A gefensa akwai tsohuwar randa, bakinta ya ɓantare. Na sunkuya ɗibar ruwa, sai ga sanda a wuyanta, ga maciji ya juya baya, ga jinkar ɗaki. Ban san lokacin da na faɗi sunan da ƙarfi ba.

Mai shayi ya waiwayo. "Malam, wa kake kira?"

Na ce, "Yayan babana ne. Ashe har nan ya iso."